Riga Mai Hannu Biyu

Tun da mahaifinku ya rasu nake jin wata magana tana yawo a tsakaninku, kuma ranar sunan 'yar Fati na ji ta da kunnena ina cikin kicin. Wai Baba ne ya raba ni da maƙwabciyarmu Ba'indiya, wai shi ya hana ni shiga gidanta, shi ya sa na tsufa a ƙasar nan ba ni da ƙawa ta kusa ko ɗaya. Ban tanka ba a ranar don gida cike yake da baƙi. To yanzu ku saurara. Mahaifinku yana da nasa laifuffukan, na ma fi ku saninsu, amma wannan ba ya ciki. Ni na yi abina da kaina, kuma ba zan bari ku ɗora wa mutumin da yake kabari kayan da ba nasa ba.

Shekararmu ta biyu ce a garin Greensboro na Amurka, muna ɗan gidan nan na unguwar Glenwood mai baranda ta katako. Babanku yana jan tirela, in ya fita sai ya yi kwana goma bai dawo ba. Ke Fati kina aji biyu, kai Abba an sa ka ajin yara. Da safe bas ɗin makaranta ta kwashe ku, ni kuma in rufe ƙofa in tsaya a tsakar falo ina jin ƙarar firij. Ni da na tashi a Fagge, gidan da in ka yi atishawa mutum biyar za su ce maka yarhamukallahu, sai ga ni ina wuni ban buɗe baki ba. 'Yan uwanmu Hausawa suna nan a garin, yawancinsu mutanen Nijar, mutanen kirki kuwa, amma kowa yana can wata unguwa, kowa aiki biyu yake yi, ni kuma ba mota ba lasisi. Sai suna ko Sallah muke haɗuwa. Unguwarmu ɗaliban jami'a ne suka cika ta, su wuce a kan keke da abu toshe a kunne, in ka yi musu murmushi su mayar maka da rabinsa. Keken ɗinkina ne abokin hirata. Ba na jin kunyar faɗa muku, akwai ranakun da na yi ta yi masa faɗa da ƙarfi don kawai in ji Hausa a ɗakin.

Wata safiya ina shanya a bayan gida sai na hango wata tsohuwa a barandar gidan da ke jikin namu, ta baza tire a cinya tana tsintar wake. Yadda ta sunkuya, tana ture tsakuwa gefe da yatsa, sai na ga Inna mahaifiyata sak. Ni kuwa 'yar Kano ce, fina-finan Indiya muka sha tun muna yara, sai na haɗa tafukana na jefa mata gaisuwarsu yadda nake ji a fim, har da ɗan karya wuya. Matar nan ta ɗago ta dube ni, ga ni baƙa wuluk da ɗankwali da abin matse shanya a baki, sai ta fashe da dariya har waken ya zube. Sunanta Sarala. Mijinta ya rasu, ɗanta da yake karatun digiri na uku ya ɗauko ta daga ƙasarsu don kada ta zauna ita kaɗai, ya kawo ta ya ajiye a inda ta fi zama ita kaɗai. Yana fita da sassafe, sai dare. Anti nake ce mata, ta girme ni da kusan shekara talatin.

Daga ranar, ƙarfe goma na safe ya zama namu. Ta shigo da butar shayinta mai citta da madara, ta zauna a kujerar da ke gefen keke, ina ɗinki tana ba ni labari. Turancina a karye, nata a lanƙwashe, amma ba mu taɓa rasa abin faɗa ba. Ba ta cin nama, don haka na ware tukunya guda da ludayi na ce nata ne, a ciki nake soya mata ƙosai. Ita kuma ta haddace lokacin azahar fiye da agogo, tana ganin na fara duban taga za ta tattara kofunanta. Da azumi ya zo ta daina kawo shayin gaba ɗaya, ta riƙa zuwa hannu sake ta zauna ta taya ni jin yunwa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni Babanku yana can wata jiha, ita ta tare ku a bakin titi, ta ba ku abinci, ta zauna tana danna min goshi da tsumma mai sanyi da yatsun nan nata da sanyin ƙashi ya karkatar. Duk Amurka, in aka cire ku da mahaifinku, ita kaɗai ce za ta lura in na wuni ban ɗaga labule ba.

Ganye ya fara sauya launi ranar da ta zo min da wani ƙyalle ja na siliki mai bakin zinariya, da igiya mai ƙulli uku. Ta ce daga zanin aurenta ta yanko shi. Tana son ɗan buje da ɗan mayafi, ga tsawo, ga ƙugu, ga faɗi, duk a jikin igiyar. Da, ita take yi da hannu, yanzu yatsu sun ƙi, ido ma ya fara gardama. Na auna igiyar, duka-duka bujen bai kai taƙi ɗaya ba. Ban tambaye ta na wane ne ba. Tana da jika mace a Indiya da kullum take nuna min hotonta, sai kawai na yanke wa kaina cewa kayan 'yar tsana ne za a aika wa yarinya. Ita kuma, daga baya na gane, ta ɗauka duk wanda ya ga jan siliki da wannan awo ya san na mene ne.

Kun san ni da ɗinki, ba na iya yin abu rabi. Na yi wa bujen tattara ƙanana, na kalmashe bakin mayafin da hannu. Da na gama na shimfiɗa su a tebur sai na ga abin bai cika ba. Wace irin 'yar tsana ce za ta tafi Indiya da buje da mayafi ba riga, a ce daga hannun telar Kano ta fito? Akwai ragowar ƙyalle, sai na yanka 'yar riga, na fitar mata da hannaye biyu masu ɗan kumburi a kafaɗa, na bi wuyan da bakin zinariyar. Wuni guda ta ci min, ta fi rigar babban mutum wahala. Washegari ban jira ƙarfe goma ba, na naɗe kayan na tsallaka na ƙwanƙwasa mata ƙofa ina ji da kaina.

Ta ɗaga bujen ta yaba, ta ɗaga mayafin ta kai shi goshinta. Da ta zo kan rigar sai ta sa yatsa a hannu ɗaya, ta sa a ɗayan, ta dube ni. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Binta, hannu biyu kika yi mata?"

"To nawa zan yi, Anti?"

"Saura shida," in ji ta, tana share hawayen dariya. "Zo ki gani. Cire takalminki."

Ban taɓa wuce falonta ba sai ranar. Ta kai ni wani ɗan ɗaki da ke kallon gabas, yana ƙamshin turaren tsinke. A kan wani ɗan teburi, tsakanin furanni da 'yar fitilar mai, ga mutum-mutumin mace na tagulla, tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsa ba. Tana zaune a kan zaki, hannaye takwas sun bazu ta ko'ina, kusan kowanne riƙe da wani abu, ƙarƙashinta ga ɓauna a durƙushe. Na sha ganin irinsa a fim, amma ko sau ɗaya ban taɓa tunanin akwai wanda yake zama ya ɗinka musu tufafi ba. Sai ga shi ni ce. A zuciyata ina ta maimaita kalmar shahada, a fuskata kuma ina ƙoƙarin kada ta ga komai.

Ba ta gani ba kuwa, don murna ta cika ta. Ta ce sunanta Durga, amma ita Uwa take ce mata. Ta kama hannuna ta matsar da ni kusa, ta fara nuna min abubuwan ɗaya bayan ɗaya kamar mai gabatar da danginta.

"Kada makaman su ba ki tsoro. Labarin shi ne, wani mugu ya gagari kowa, mazan duk suka kasa. Sai kowannensu ya ciro makaminsa ya ba ta, shi ya sa hannayen suka yi yawa. Wannan takobin ilimi ne, shi yake raba gaskiya da ruɗu. Wannan bawon katantanwar teku ne, busa shi ake yi, kira ne ga wanda ya yi barci da ransa. Faifan nan mai kaifi da ke kan yatsarta zamani ne, yana juyawa, ba wanda yake tsere masa."

Na nuna zakin da haɓa.

"Fushi ne da ƙarfi. Ba ta kashe shi ba, hawa ta yi. Mahaifiyata takan ce min, in na ji zuciya ta taso, in duba ko ni ce a sama ko zakin." Ta sunkuya ta taɓa ɓaunan. "Wannan shi ake kashewa. Girman kai ne, da taurin kai irin na dabbar da ba ta jin kira. Ba a waje yake ba, Binta, a nan yake." Ta dafa ƙirjinta.

A wani hannun akwai fure kamar na bado, bai gama buɗewa ba. Ta ce a cikin taɓo yake tsirowa amma taɓon ba ya kama shi, kuma an bar shi rabi a rufe ne don mutum bai gama zama abin da zai zama ba. Baka da kibiya da mashi mai baki uku ma ta yi min bayaninsu, na manta abin da ta ce, hankalina ya riga ya rabu biyu. Hannu ɗaya ne ba komai a cikinsa, tafin a buɗe yana kallon mai kallo. A kansa ta fi daɗewa.

"Wannan cewa yake, kada ki ji tsoro. Watannin farko da na zo ƙasar nan, in yaron ya fita, nan nake zuwa in zauna in kalli wannan hannun har rana ta juya. Ba mai ce min komai a gidan nan sai shi." Ta juyo ta dube ni. "Sai kuma ke kika zo."

Abin da ya fi damuna shi ne na gane maganarta sarai. Yaƙi da son zuciya, danne fushi, fita daga taɓo ba tare da ka ɓaci ba, duk na ji irinsu a bakin malamanmu na Islamiyya. Kuma na san zaman da take faɗa, ni da nake yi wa keke faɗa. Amma fahimtar magana daban, ɗinka wa abin da ake yi wa sujada tufafi daban. Kafin in fita ta buɗe wata jaka ta ɗora min ƙyallaye takwas a hannu, kore da rawaya da fari da sauransu. Bikinsu na kwana tara ya kusa, kowace rana da launinta, bana Uwa za ta yi ado irin wanda ba ta taɓa yi ba. Na karɓa. Na rungume su na fito.

Kwana uku kayan suna kan keke na lulluɓe su da zani. Da Babanku ya dawo, ko wanka bai yi ba na zayyana masa komai ina kuka. Ga abin da ya ce, kuma ina so ku riƙe shi yadda ya faɗa.

"Lokacin da kika ɗinka kin san na mene ne?"

"Wallahi ban sani ba, Alhaji."

"To ki yi istigfari ki bar wa Allah. Sauran kada ki ɗinka, ki mayar mata cikin mutunci. Amma matar nan maƙwabciyarki ce, tana da haƙƙi a kanki. Ita ta riƙe min 'ya'ya kina kwance. Ki ci gaba da shan shayinki, Binta. Ban ce ki rufe mata ƙofa ba."

Kun ji. Iyakar abin da ya ce ke nan, bai ƙara ba har ya koma ga Allah.

Na mayar mata da ƙyallayen a goge, a ninke. Na yi mata bayani da ɗan Turancina cewa addinina bai yarda ba, ba ƙinta nake yi ba. Ta saurara har na gama, ta gyaɗa kai, ta ce ta gane, ita ce ba ta yi tunani ba. Har haƙuri ta ba ni. Da a nan abin ya tsaya, da yau ba na rubuta wannan. Washegari ƙarfe goma ta zo da butarta kamar kullum, da 'yar alewar madara a faranti, irin wadda na sha ci a hannunta ba adadi. Sai wani tunani ya faɗo min: wa ya sani ko an fara ajiye alewar nan a gaban tagullar kafin a kawo min? Tambaya ɗaya ce, da na yi ta da ta ba ni amsa, don matar ba ta iya ƙarya ba. Ban yi ba. Na ce cikina ne ba daɗi. Ta dubi farantin, ta dube ni. Rana ta biyu na ce haƙori. Rana ta uku ta zo ba alewa, na karɓi shayin na riƙe har ya huce ban kai baki ba, ina ta ɗinki kamar ana kora ta. Rana ta huɗu ƙarfe goma ya yi, ya wuce, ba a ƙwanƙwasa ba.

Ke Fati kin tambaye ni a lokacin, da Turancinki, me ya sa Anti ba ta zuwa. Na ce miki ba ta jin daɗi. Wannan ma ƙarya ce na yi miki.

Ana saura kwana biyu bikinsu na fito zubar da shara da hantsi, sai na gan ta a baranda, inda rana ta fi haske. Koren ƙyallen yana cinyarta. Ta ɗaga allura sama tana auna ta da zare, hannun yana rawa, zaren yana wucewa ta gefe. Ta lasa bakin zaren, ta sake, ya sake wucewa. Na tsaya da ledar shara a hannu ina lissafi da Ubangijina. Na ce a raina, ɗinki dai na ƙi, amma zura wa tsohuwa zare a allura ai taimakon maƙwabci ne. Wata zuciyar ta ce, kin san abin da za a ɗinka da shi. Na ajiye ledar na tsallaka.

"Kawo, Anti."

Ta miƙo min. Ni da nake zura zare ko ban duba ba, ranar sai da na yi sau uku, hannuna yana karkarwa kamar nata. Na miƙa mata. Ta karɓa, amma ba allurar take kallo ba, yatsuna take kallo.

"Hannunki rawa yake yi, Binta."

"Sanyi ne."

"Ba sanyi ba ne."

Ta kama bakin zaren ta zare shi daga allurar a hankali, har ya fita duka.

"Tsoro kike ji. Ba na so ki tsaya gaban Ubangijinki ki ji tsoro saboda ni. In zai tambaye ki wani abu, kada ya zama ni ce dalili. Je ki gida, 'yata. Zan iya."

Na buɗe baki in ce mata ta zo gobe ƙarfe goma, ta kawo alewar, in ce mata ni ce sakarya. Wallahi maganar tana kan harshena. Sai na ji kaina ina cewa to, sai an jima.

Mun ƙara shekara guda da 'yan watanni muna maƙwabtaka. Mukan gaisa ta kan shinge, ta tambayi lafiyarku, in tambayi ƙafarta. Da ɗanta ya gama karatu suka tashi zuwa wata jiha, mu ma daga baya muka koma McLeansville, inda maƙwabci mafi kusa sai ka hau mota. Ban karɓi lambarta ba, ita ma ba ta nemi tawa ba. Ƙin ɗinkin ban taɓa nadamarsa ba, ko gobe aka kawo min ba zan ɗinka ba, kuma ina fata ku ma haka. Abin da yake ci na har yau shi ne addinina ƙyalle takwas kawai ya ce in mayar, ni kuma na haɗa da matar gaba ɗaya na mayar, don tsoron yin tambaya guda. Na yi kewarta fiye da yadda na yi kewar wasu 'yan uwana na jini, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifinku.

Ranar allurar, da na koma gida ban iya zama a kan keke ba. Na tsaya a tagar kicin ta bayan labule ina kallonta. Ta lasa zaren, ta ɗaga allurar sama, ta auna. Rana ta matsa, ta ja kujerarta ta bi ta. Na yi azahar na dawo tagar, tana nan. Har bas ɗinku ta tsaya a bakin titi ba ta samu kafar allurar ba.